Yadda Za Ka Zaɓi Kujerar Hawa Bishiya Mara Nauyi Don Farautar Barewa Da Baka

Duk shekara in Satumba ta kama, tambaya ɗaya ce ke ta zuwa mini daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka da suka shiga sha'awar farautar barewa da kwari da baka: wace kujerar hawa bishiya ce ba ta da nauyi, wadda mutum zai goya ya yi nisa da ita cikin daji? Wasu har hoton shago suke turowa, ga kujeru rataye a bango kowace da nauyinta a rubuce, su ce in nuna musu ɗaya. Ba ya yiwuwa in nuna daga hoto, domin nauyin da ke jikin kwali shi ne abu na huɗu da ake dubawa. Kafin a zo kansa akwai dokar jiharka, akwai bishiyoyin dajin da za ka shiga, akwai kuma jikinka. Shi ya sa na jero matakan yadda ya kamata a bi su, ɗaya bayan ɗaya.

Ga wanda bai taɓa ganin irin wannan kujera ba, gida biyu ce. Na sama shi ne mazauni, na ƙasa kuma dandamalin da ake tsayawa a kai. Kowanne yana da kebul ko bel da ke zagaya bayan bishiya, da haƙora a gaba masu cizon ɓawo. Nauyinka ne makullinta: ka taka ta cije, ka ɗaga ta saki. Za ka tura mazaunin sama, ka dogara a kansa, ka jawo dandamalin da ƙafafunka, ka taka, ka sake turawa. Wanda ya taɓa ganin masu hawan kwakwar manja da igiya a kudancin Najeriya ya ga irin dabarar. Ba tsani, ba ƙusa, kuma in ka sauko sai ka naɗe abinka ka goya ka tafi.

1. Fara da dokar jiharka

A Amurka kowace jiha da hukumar namun dajinta, kuma kowace shekara tana fitar da ɗan littafin dokokin farauta kyauta, a shagunan kayan farauta da kuma shafinta na intanet. Ka same shi ka karanta kafin ka fitar da ko dala ɗaya. Yawancin jihohi ba sa sayar wa sabon mafarauci cikakken lasisi sai ya yi kwas ɗin koyon farauta, wasu kuma kamar Niyok suna neman ƙarin takardar kwas na masu baka. A Mishigan kakar farauta da baka tana buɗewa ranar 1 ga Oktoba, a Ohayo kuwa tun ƙarshen Satumba take farawa har farkon Fabrairu.

Abin da ya shafe mu a littafin shi ne sashen dajin gwamnati. A Mishigan an hana ɗaura matakalar da ake murɗawa cikin jikin bishiya a irin wannan daji, kuma dole sunanka ko lambar shaidarka ta kasance a jikin kujerar yadda za a iya karantawa daga ƙasa.

Hattara: a dazuzzukan gwamnati da yawa sare reshe laifi ne. Wannan ya fi shafar mai irin wannan kujera, domin reshe ɗaya ya isa ya tare maka hanya.

2. Je ka ga bishiyoyin da idonka

Gani ya kori ji. Kafin ka shiga shago, ka je dajin da kake niyyar farauta da rana tsaka, ka bi sawun bareyi, ka ga inda suke bi tsakanin makwancinsu da wurin kiwonsu, sannan ka ɗaga kai ka dubi bishiyoyin da ke nisan yadi 15 zuwa 25 daga hanyar. Abu uku kake nema: miƙaƙƙiya, wadda ba ta da reshe har tsawon ƙafa 20, mai ɓawo mai kaushi.

Yawancin kujerun nan an yi su ne don bishiya mai kaurin inci 8 zuwa 20. A daji ba ka iya auna kauri kai tsaye, sai dai zagaye. To ka samu igiya ka ƙulla mata ƙulli biyu, ɗaya a inci 25, ɗaya a inci 63. Ka zagaya ta a jikin bishiya daidai ƙirjinka. In zagayen ya faɗo tsakanin ƙullin biyu, za ta hawu. Ka tuna kuma bishiya tana sirancewa in aka yi sama, don haka wadda take a bakin inci 8 a ƙasa ta riga ta yi maka kaɗan a sama. Ni na fi son mai kaurin inci 12 zuwa 16: tana ɓoye inuwar mutum, kuma ba ta rangaji da shi in iska ta taso.

Bishiyar ok (oak) da fofla (poplar) da fayin (pine) sukan karɓi haƙoran kujera da kyau, sai dai fayin tana da ƙaro mai manne wa kebul da tufafi. Ka guji masu ɓawo sumul kamar bic (beech) da sikamo (sycamore), da irin hikorin (hickory) nan da ɓawonta ke ɓarewa falle-falle. Ɓawo mai santsi in ya jiƙe da ruwa ko ya daskare da ƙanƙara, haƙori ba ya kama shi.

Gargaɗi na musamman ga masu farauta a Mishigan, Ohayo, Fensilbeniya da maƙwabtansu: bishiyar ash miƙaƙƙiya ce mai kyan ɓawo, tana jan ido ƙwarai, amma wani koren ƙwaro da aka fara ganowa kusa da Ditroyit a 2002 ya kashe miliyoyinsu, kuma da yawa suna nan tsaye a mace. Ka duba jikinta da kyau. In ka ga 'yan ramuka masu siffar harafin D, ko ɓawo yana zuba, ko rassan sama sun bushe, wuce ta. Matacciyar bishiya ba a hawanta ko wace iri ce, haka ma turken lantarki.

In ka zagaya ka tarar dajin duk karkatattun bishiyoyi ne masu rassa tun daga ƙasa, to wannan kujera ba taka ba ce. Ka nemi irin wadda ake ratayawa, ana hawa da gajerun sandunan tsani. Wannan ce ma amsata ga masu tambaya daga gida: tsamiya da ɗorawa da kuka ba su hawuwa da ita.

3. Hau sikeli da kayanka duka

Kowace kujera tana da iyakar nauyin da aka gwada ta a kai, galibi fam 300, wato kusan kilo 136, wasu kuma fam 350, kusan kilo 159. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya lissafa nauyin jikinsa kawai. Iyakar ta haɗa da kai, da rigunan sanyi, da takalman daji, da jaka, da baka, da ruwan sha. Ka sa kayan nan duka ka hau sikeli. A lokacin sanyin Nuwamba cikin sauƙi za su ƙara maka fam 25 ko 30.

In jimillar ta matso iyakar, ka koma aji na gaba. Kamfanin Summit yana da Goliath SD da Titan SD masu ɗaukar fam 350, kuma mazauninsu ya fi faɗi. Faɗin nan ba ƙaramin abu ba ne ga mai jiki: mazaunin da ya yi maka daidai da 'yar shat a shago zai matse maka kwankwaso ranar da ka sa riguna uku.

4. Yanzu sai maganar nauyi

Ajin nauyi uku ne a kasuwa. Na baƙin ƙarfe sukan kai fam 29 ko 30, kusan kilo 13, su ne masu araha. Na alminiyum da ake hawa a zaune suna wajen fam 20, wato kilo 9, kuma Summit Viper SD ce aka fi sani a cikinsu. Sai mafi sauƙi, masu wajen fam 15, ƙasa kaɗan da kilo 7, irin su Summit OpenShot SD.

Tambayar da za ta raba maka gardama ita ce nisan da ke tsakanin inda kake ajiye mota da bishiyarka. In gonar wani ce aka ba ka izini, tafiyar minti biyar, ta baƙin ƙarfe ma ta wadatar, ka riƙe canjinka. In kuwa dajin gwamnati ne, inda sai ka yi mil guda ko fiye kafin ka rabu da sauran mafarauta, to kowane fam sai ka ji shi a kafaɗa. Kuma ba gajiya ce kaɗai matsalar ba. Kaya mai nauyi yana sa gumi, gumin ya jiƙa rigar ciki, ka hau sama ka zauna shiru sanyi ya kama ka, ga shi barewa da hanci take rayuwa, warin gumi ba ya wuce ta.

Sai dai fam biyar ɗin da aka rage tsakanin mai 20 da mai 15 daga wani wuri aka ciro su. An rage girman dandamali, an cire majinginar baya, an cire sandar gaba, soson mazauni ya zama siriri. Farautar baka kuwa zama ce ta awa uku, huɗu, a tsakiyar Nuwamba lokacin barbarar bareyi ma wasu kan wuni. Mutumin da mazauni ya ishe shi sai ya yi ta mutsu-mutsu, barewa kuma motsi take gani kafin komai. Don haka shawarata, ka nemi mafi sauƙin kujerar da za ka iya zama a kanta ba motsi, ko da akwai wadda ta fi ta sauƙi a bango.

Akwai kuma abin da kwali ba ya faɗa, wato yadda kujerar ke kwanciya a baya. Wadda ke naɗewa ta kwanta shafal, kamar na kamfanonin Lone Wolf da XOP, ba ta sarƙewa a ƙaya kuma nauyinta yana manne da jiki. Wadda kebul ɗinta ke tsayawa a gantsare tana rinjayar mutum baya. Igiyoyin goyon da ke zuwa da yawancinsu sirara ne masu yankan kafaɗa. Ka canza su da masu soso, ka ƙara ɗamarar ƙugu. Da wannan kaɗai mai fam 20 za ta fi mai fam 15 da aka goya da siraran igiyoyi daɗin ɗauka.

5. Buɗaɗɗen gaba ko mai sanda

Nan ne mai baka ya rabu da mai bindiga, kuma nan ne aka fi yin sayen da-na-sani.

Kujera mai sanda, irin Viper, tana da ƙarfe da ya zagaye mutum ta gaba. A kansa ake zama yayin hawa, kana fuskantar bishiya, ƙafafu su jawo dandamali. Hawanta ba wuya ko ga mai shekaru, kuma in kana sama za ka ji kana cikin shinge, hankalinka a kwance. Ga mai bindiga sandar ma wurin ɗora bindiga ce. Ga mai baka kuwa tana iya zama cikas: in barewa ta zo kusa da gindin bishiya ka karkata baka ƙasa, gefen bakan na ƙasa, ko 'yar tayar da bakan zamani ke da ita a bakinsa, ko tsirkiyar kanta, na iya bugun sandar lokacin saki. Kibiya ta kauce, ko ta raunata dabba ba ta kashe ta ba, wanda shi ne abin da duk maharbi mai imani yake gudu.

Buɗaɗɗiyar kuma ba komai a gabanka. Kana iya harbi a zaune ko a tsaye, ka juya dama da hagu. Farashin wannan 'yanci shi ne hawa da ƙarfin hannu: za ka dafa mazaunin da damatsanka, ka ɗaga jikinka da ƙafafunka gaba ɗaya. Mai ciwon kafaɗa ko mai tumbi zai sha wuya. Ga wanda bai saba da tsayi ba kuma, zama a ƙafa 18 ba abin da ya tare shi a gaba yakan sa gwiwa rawa.

Ga yadda nake raba su. In kana da ƙarfin jiki, kana tafiya mai nisa, kuma baka kaɗai kake riƙewa, ɗauki buɗaɗɗiya. In sabon shiga ne kai, ko kana son kujera ɗaya ta yi maka kakar baka da ta bindiga, ɗauki mai sanda, amma ka koyi saita ta. In ka kai inda za ka tsaya, ka sauko da mazaunin ƙasa-ƙasa yadda in ka miƙe tsaye sandar za ta tsaya wajen gwiwarka, ka matsa bakin dandamali, ka harba a tsaye. Da haka bakan yana wuce ta.

A shago ka roƙi a bar ka ka tsaya a kan dandamalin da takalman dajinka. Ka juya a hankali kamar mai bin dabba da ido. In sai ka duba ƙasa kafin ka motsa ƙafa, ya yi maka ƙanƙanta.

6. Ƙwanƙwasa ta ka ji

Bututun alminiyum mara komai a ciki yana amo in wani ƙarfe ya taɓa shi, kuma da asuba a daji amon yana zuwa nesa. Ka sa zobe ko makulli ka ɗan buga jikin kujerar. Summit suna cusa soso a cikin wasu sassan bututunsu don kashe amo. Lone Wolf da XOP kuwa dandamalinsu zubi ɗaya ne, ba rami, ba mahaɗin da zai yi ƙara. Kowace ka saya, ka samu salatif mai laushi irin na yadi ka naɗe duk inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe, musamman inda gidajen biyu ke gugar juna a goye.

Sai abin da ke zagaya bishiya. Kebul mai rufin roba yana da tauri, yana tsayawa da kansa in kana ɗagawa, amma robar tana ɓarewa da daɗewa. Bel na roba mai haƙora ya fi shiru, kuma yana ba da damar saiti ƙanana-ƙanana. Ko wanne ne, gwada shi da safar hannu, ido rufe. In ba ka iya sa shi ka kulle a haka, ka tuna cikin duhu da sanyi za ka riƙa yi. Irin masu ɗan fil da ake zarewa kuma, fil ɗin ya kasance ɗaure da zare, don in ya faɗa cikin busassun ganye ya tafi ke nan.

Dubi likkafar da ake zura ƙafa don jan dandamali. Manyan takalman sanyi su shiga su fita ba tare da ka sunkuya ba.

7. Ɗamarar kariya, inda ba a rage nauyi

A jihohi da dama faɗowa daga bishiya ya fi harbin kuskure jikkata masu farautar barewa, kuma galibi a lokacin hawa ko sauka ake faɗowa. Akwai ƙungiyar masu ƙera waɗannan kujeru da ake kira TMA, wadda ke da ƙa'idojin gwaji. Ka nemi shaidarta a kwali. Kujerun da suka cika ƙa'idar suna zuwa da ɗamara mai kama jiki duka, kafaɗa da ƙirji da cinyoyi. Tana aiki, sai dai igiyoyinta sukan harɗe a duhu, shi ya sa mutane da yawa ke sayen mai siffar falmaran, irin ta Hunter Safety System, wadda ake zurawa a minti ɗaya. Ɗamarar da ke da sauƙin sawa ita ce za ka riƙa sawa kullum.

Kada ka yarda da tsohuwar ɗamarar nan mai kama ƙugu kaɗai ko ƙirji kaɗai. In mutum ya faɗo tana iya juya shi kai ƙasa ko ta shaƙe masa numfashi.

Yadda ake amfani da ita: tun kana ƙasa, kafin ka fara hawa, ka ɗaura maɗaurin da ke zagaya bishiya sama da kanka ka maƙala masa igiyar da ke bayan ɗamararka. Duk turawa ɗaya da ka yi wa mazauni, ka fara tura maɗaurin sama. Yana cin lokaci, amma haka ake yi, hawa da sauka. In ka kai sama ka saita shi yadda in ka zauna igiyar za ta miƙe ba sako-sako. Da haka ko ka zame ba za ka yi nisa da dandamali ba, za ka iya komawa.

Rataya cikin ɗamara ma tana da nata haɗarin. Igiyoyin cinya suna matse jijiyoyi, jini ya taru a ƙafa, cikin ɗan lokaci mutum ya suma. Don haka akwai wata 'yar igiya da ake maƙalawa a ɗamarar a taka da ƙafa a miƙe, ta sassauta matsin. Ta zauna a aljihun da hannunka zai kai, tare da waya da usur. Ba a sa su a jakar da aka rataye a bishiya.

Abu na ƙarshe a nan, kuma kada ka raina shi: igiyar da ke haɗa mazauni da dandamali. In ba ta nan, dandamalin ya suɓuce daga ƙafarka, zai zurara har gindin bishiya ya bar ka a sama ba abin takawa. Ka ɗaure ta gajeriya, yadda ko ya suɓuce ƙafarka za ta kamo shi. Ɗamara kuma tana da wa'adi a jikin takardarta, galibi shekara biyar, kuma wadda ta taɓa tare faɗuwa ta gama aiki.

8. Kuɗi, da batun ta hannu

Farashi yana motsi, amma ga kimanin abin da za ka tanada. Ta baƙin ƙarfe wajen dala 200. Ta alminiyum dala 300 zuwa 450, masu dandamalin zubi kuma sukan haura haka. Ɗamara mai kyau dala 60 zuwa 150. Igiyar jawo baka mai tsawon ƙafa 25 ko 30, da maratayin baka, da igiyoyin goyo masu soso, ka ware musu wata dala 60 zuwa 80. Shagunan Bass Pro Shops da Cabela's suna da su a baje inda za ka taɓa ka gwada, kuma in kakar farauta ta wuce, wajen Janairu, akan karya farashi.

Ana samun ta hannu da yawa a Facebook Marketplace, wani lokaci a rabin kuɗi. Ba laifi, amma ka je da rana ka duba da kanka. Bi kowace walda da yatsa kana neman tsaga. Duba bututu ko ya lanƙwashe, notuna ko sun yi tsatsa, kebul ko wayoyinsa sun fito. Tambayi mai ita ko a waje take kwana, domin rana da ruwan sama suna cin igiya da roba. Ka ɗauki sunanta da lambarta ka bincika a shafin hukumar kare masu sayayya ta CPSC ko an taɓa janye ta daga kasuwa. In ka saya, canza kebul da igiyoyi da sababbi daga kamfanin da ya ƙera ta. Ɗamarar kariya kam ba a sayenta ta hannu, ko kyauta aka ba ka.

9. Gwaji a ƙasa-ƙasa

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka karanta littafin da ya zo da kujerar, sannan ka nemi bishiya da rana, da wani a tsaye kusa da kai, ka hau ƙafa huɗu ko biyar kawai ka sauko. Maimaita har hannunka ya saba.

Babban abin da za ka koya a nan shi ne saitin farko. Tun da bishiya tana sirancewa, in ka ɗaura dandamali a miƙe daidai a ƙasa, kafin ka kai sama bakinsa ya sunkuya, kana zamewa gaba. Don haka a ƙasa ake ɗaura shi bakinsa ya ɗan ɗaga sama, mazaunin ma haka, in an kai sama sai su daidaita. Yawan ɗagawar ya danganta da yadda bishiyar ke sirancewa, kuma ido ne ke koyon wannan.

Gargaɗi: in ka kai sama ka ga saitin bai yi ba, kada ka kuskura ka kwance kebul ɗin dandamalin da kake tsaye a kai. Sauko ka gyara ka sake hawa.

Hawa kuma da gajerun taku ake yi. Kowane taku ka danna dandamali da nauyinka a hankali ka ji ya cije kafin ka saki mazauni, kuma nauyinka ya tsaya a tsakiya ko wajen baki, domin taka gefen da ke manne da bishiya yana sa haƙora su saki.

Bayan haka sai gwajin harbi daga sama, da rigunan da za ka sa da ɗamararka a jiki. Ka ja baka kamar kana harbi a miƙe, sannan ka lanƙwasa daga ƙugu zuwa ga abin harbin. Wanda ya sauke hannu kawai, kibiyarsa takan bi ta sama. Nan ne za ka gane ko igiyar bayanka tana tare maka gwiwar hannu, ko sandar gaba tana taɓa baka.

10. Ranar farko a daji

Ka faɗa wa wani a gida inda za ka da lokacin da za ka dawo, ka tura masa alamar wurin a taswirar waya. A jihohi kamar Mishigan da Ohayo ana fara halatta harbi rabin awa kafin fitowar rana, ke nan tsakanin sallar asuba da wayewar gari lokacin kaɗan ne. Yawancinmu a gefen mota muke sallah da zarar alfijir ya keto, sannan a kama hanya. Manyan rigunan sanyi ka ɗaure su a jikin kujera, ka yi tafiyar da 'yar riga, sai a gindin bishiya ka sa su, ɗamara kuma ta zauna yadda igiyarta za ta fito ta bayan wuya.

Ka zaɓi gefen da iska za ta kwashe warinka daga hanyar bareyi. In da hannun hagu kake riƙe baka kana ja da dama, ka sa hanyar ta kasance a hagunka, don nan ne harbi ke zuwa ba sai ka juya jiki ba. Ɗaura baka a igiyar jawowa, kibau a cikin kwari, ka ajiye shi a ƙasa ta gefen da ba nan kake hawa ba, ɗaya bakin igiyar a ƙugunka. Ba a hawa da baka a hannu ko a rataye a wuya.

Ƙafa 15 zuwa 20 ya isa. Wuce haka yana ƙara haɗari, kuma yana sa harbi ya yi tsaye da yawa, ya zama da wuya kibiya ta ratsa huhu biyu. In ka isa, ka ɗaure mazaunin da bishiya da maɗaurinsa don kada ya zame in ka miƙe, sannan ka jawo baka. Kada ka manta da bisimilla lokacin saki, in kuma ka tarar da dabbar da sauran rai ka yanka ta. Wajen sauka, baka ne ke fara sauka da igiya, kai kana biye, maɗaurin ɗamara yana binka har ƙafarka ta taɓa ƙasa.

11. In kaka ta wuce

Goge laka da ƙaro, ka bar ta ta bushe sarai, ka sake bin walda da notuna da kebul kamar yadda ka yi ranar saye. Duk abin da ya nuna alamar gajiya ka yi odarsa tun lokacin, kafin Satumba ta zo kaya su yi wuyar samu. Ajiye ta a cikin gareji inda rana ba ta kai, mazaunin soso da ɗamara kuma a cikin akwatin roba mai murfi, nesa da man fetur da ɓeraye.